Alamar da Ta Sulale wa Walƙiya

A ajinsu Walƙiya ake kiranta, saboda saurin lissafi. Kafin wasu su gama feƙe fensir, ita ta miƙa takarda. Wannan suna kuwa ya shiga kanta sosai.

Wata rana Malam ya ce ɗalibi ɗaya zai zaɓa ya wakilci ajin a gasar lissafi. Walƙiya ta gyara zama, don a ganinta kujerar tata ce.

Malam ya rubuta ɗigo uku a allo: A (1,0,0), B (0,2,0), C (0,0,3).

"Shimfiɗa ɗaya ce ta ratsa su, kamar saman teburin nan," in ji shi. "Ku ja kibiya daga A zuwa B, wata daga A zuwa C. Ku yi musu ninkin giciye, zai ba ku kibiyar da ta tsaya cak a kan shimfiɗar." Ya tsayar da fensir a kan tebur. "Da ita za ku rubuta jimlar lissafin shimfiɗar."

Nan da nan Walƙiya ta rubuta 6x − 3y + 2z = 6. Ta miƙa tana yauƙi.

"Kin gwada?" Malam ya tambaya.

"Malam, ai ba sai na gwada ba."

"Sa mana ɗigon B a ciki."

Ta sa. Maimakon shida, sai ga shida da alamar ɗebewa a gabanta. Ashe ta manta cewa lambar tsakiya tana juya alama a ninkin giciye. Aji ya kwashe da dariya. Kunya ta rufe ta.

"Babu wanda ya ci," in ji Malam. "Gobe za a sake."

A gida ko abinci ta kasa ci. Mama ta lura.

"'Yar nan, wa ya taɓa ki?"

Ta kwashe labari ta faɗa.

"To, wa ke korarki?" in ji Mama. "Amsar guduwa za ta yi in kin sake dubawa?"

Walƙiya ta yi murmushi duk da hawayen da ke idonta. Ta zauna ta gyara: 6x + 3y + 2z = 6. Ta gwada ɗigon nan uku, kowanne ya ba da shida.

Washegari Malam ya kawo sababbin ɗigo. Walƙiya ta gama da wuri, hannunta har ƙaiƙayi yake ta miƙa. Ta daure, ta fara gwaji. Ɗigo na biyu ya ƙi shiga. Alamar nan ce ta sake sulale mata! Ta gyara, ta sake gwadawa, sannan ta miƙa bayan kowa.

Malam ya duba takardun, tata ce kaɗai ta yi daidai, ya ɗaga ta sama.

"Ga wakiliyarmu."

Tafi ya kaure, har masu dariyar jiya. Daɗi ya cika ta fal.

Tun daga ranar ta gane cewa sauri ba shi ne iyawa ba. Duk aikin da ka gama, ka duba shi kafin ka miƙa.