Malamai Arba'in Ba Suna

Abin da Iman ta fara lura da shi farin alli ne a bakin hannun rigarsa. Wata goma sha ɗaya rabon da a yi karatu a makarantun Gadarif, azuzuwa duk sun cika da 'yan gudun hijira, to wannan ina ya samo alli?

Ranar aka fara tara su, ɗalibai goma sha biyu na shirin doktora, wato digiri na uku, da jami'o'i uku suka haɗa hannu a kai: ta garin, da wata da yaƙi ya koro daga Khartum, da wata ta ƙasar waje. Aikinsu binciken yadda za a gyara horar da malaman makaranta. Dokta Ummusalama, mai kula da su, ta raba su bibbiyu, sunan Iman ya faɗo da na Abdulganiyyu, mai allin nan.

"Ustaza, laifi hannuna ya yi?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Alli ne."

"Au! Yaran da ke kwana a ajinmu nake koya wa hisabi, tarawa da ɗebewa. A jikin ƙofa nake rubutu."

Daga Madani ya gudo da mahaifiyarsa, a makarantar firamare suke zaune.

Wata huɗu suna bin makarantu a raksha, babur mai ƙafa uku, suna hira da malamai. Ƙa'idar binciken ita ce ba a rubuta sunan kowa, lamba ake ba shi. Shi ke riƙe littafin bayanai, ita ke ajiye takardar da ta haɗa lamba da suna. Wasu malaman sun yi watanni a garuruwan da mayaƙa suka kama kafin su tsere, kuma a lokacin wannan kaɗai ya isa a kira mutum maci amana.

Wata rana saƙon Abdulganiyyu ya shigo wayarta: "Habibti, masoyiyata, na yi hira da mutum arba'in, amma tambaya ɗaya ta gagare ni. Yaushe zan gaida Baba?"

Ta rubuta ta goge sau uku, sannan ta aika: "Juma'a. Ka wanke rigarka."

Mahaifinta Alhaji Wada, dillalin riɗi a kasuwar hatsi, ya karɓe shi da shayi, ya sallame shi da fuska a ɗaure.

"Mutumin da ba mu san asalinsa ba?" ya ce da ita. "Ga Munir ɗan ƙanena, tun kina goye ya san ki."

Munir yana cikin samarin unguwa da suka ɗauki bindiga suna tsaron shinge. Ranar Lahadi da hantsi suka tare rakshar da Iman da Abdulganiyyu ke ciki, shi da wasu huɗu. Suka zazzage jakar Abdulganiyyu, Munir ya buɗe littafin yana karantawa da ƙarfi.

"Lamba sha bakwai, ta zauna wata uku a ƙarƙashin mayaƙa. Lamba ashirin da biyu. Ga zanen hanyoyin makarantu! Ya zol, kai nake tambaya, wa kake yi wa aiki?"

"Bincike ne na jami'a."

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Iman ta ga haƙori ya faɗi cikin ƙura. Suka kayar da shi, wani ya taka masa wuya, wani yana zuba masa tiyo a baya har rigar ta tsage ta rine da jini. Ta yi kansu tana ihu, ita da muryarta ba ta cika fita ko a aji ba, wani ya hankaɗe ta ta bugu da ƙarfen raksha, goshinta ya fashe.

"Yaya Munir, ka ji tsoron Allah!"

"Ki je gida. In kina son sa da rai, kawo min sunayen kafin la'asar."

Suka ja shi zuwa wani tsohon sito a bayan kasuwa. Ta kira Dokta Ummusalama, Doktar ta ce tana can garin Kasala, za ta aiko da takardar jami'a, amma sai gobe.

Iman ta zauna bakin gado da takardar sunayen a cinyarta, jini yana ɗiga a tobin da ta yafa. Ita da bakinta ta yi wa kowane malami alkawari ba wanda zai ga sunansa. In ta miƙa, mutum arba'in za su shiga siton nan. In ta riƙe, ƙila gawarsa za a fito da ita. Ta haddace sunayen, ta cusa takardar cikin garwashin da ake dafa gahawar jabana, ta fita.

Makaranta bayan makaranta ta bi, cikin rana. Ba ta roƙi kowa ba. Ta faɗi abin da ya faru, ta ce, "Wanda ya ji tsoro ya zauna, wallahi ba wanda zai ji sunansa daga bakina."

Da yawa suka rufe ƙofa. Goma sha tara suka biyo ta.

Sun tarar da taro a bakin siton, har da Alhaji Wada da aka kira daga kasuwa. An fito da Abdulganiyyu an jingina shi da bango, ido ɗaya a rufe, yatsu biyu na hannun dama sun karkace.

"Ya san su duka," in ji ɗaya daga cikin samarin, yana haki. "Kowane yatsa muka karya sai ya ce ya manta."

Wata dattijuwa ta matso, Ustaza Ruqayya, shekara talatin tana koyarwa.

"Ni ce sha bakwai," ta ce. "Wata uku na zauna, uwata ba ta iya tafiya, sai da na binne ta. Kai Haidar, ba ni na koya maka alifun ba kafin a mai da ni Madani? Zo ka karya nawa yatsun."

Saurayin da ke riƙe da tiyo ya sake shi ƙasa.

"Ni ne ashirin da biyu," wani ya ce daga baya. Sai wani, sai wata. Munir ya ɗaga bindiga ya harba sama sau biyu, mata suka durƙushe, amma ba wanda ya gudu.

Alhaji Wada ya taka har gabansa ya kama bakin bindigar ya sauke.

"Munir, don tsaron gari ka yi wannan, ko don 'yata?"

Munir ya ja da baya.

Tsohon ya cire rawaninsa ya naɗe hannun Abdulganiyyu da kansa. "Na tambayi asalinka," ya ce a hankali. "Na gani yau, ɗana."

Daga asibiti saƙo ya zo, da hagu aka rubuta shi: "Ya ruhi, ma'alesh, yi haƙuri, angonki ya zama mai giɓi. Kin fasa?"

"Ka warke dai," ta mayar. "Akwai babi uku da ba mu rubuta ba."

Bayan girbin riɗi aka ɗaura auren a masallacin unguwa, da la'asar. Malaman jami'o'in nan sun zo, na ƙasar waje suka yi ta murna ta waya, Ustaza Ruqayya ta yi wa amarya lalle da hannunta. Liman ya karanta Fatiha, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kwantar da ƙasar. Aka shafa, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Ta tagar ɗakinta Iman ta hango maza suna layin yi wa ango barka. Munir yana can ƙarshe, ba bindiga, cikin farar jallabiya. Layin ya matso har saura mutum uku tsakaninsu. Ya tsaya yana kallon hannun da ango ke miƙawa, mai yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa. Sai ya sa takalmansa, ya bi ta bayan masallaci ya tafi.