Lamba Tara a Kan Sanduna

Ranar da ya fara shiga asibitin ƙashi, da masu ɗaukar hoto uku ya zo, da kwali ashirin na takalman ƙwallo. Lamba Tara ke nan, ɗan ƙwallon da har tsofaffin da ba su damu da ƙwallo ba sun san fuskarsa. Gudummawa ya kawo wa ƙungiyar masu ƙafa ɗaya da ke wasa a filin bayan asibitin.

Budurwar da ke haɗa ƙafafun roba a asibitin tana ɗakin aikinta tana goge wata aka kira ta, don ita ke kula da ƙungiyar. Ta buɗe kwali ɗaya, ta ɗago ta dube shi.

"Ka ƙirga ƙafafunsu kafin ka sayo?"

Ya dubi takalman, ya dubi 'yan ƙungiyar.

"Sanduna suke nema, nasu duk sun lanƙwashe. Amma sanda ba ta kyau a hoto, ko?"

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarta: "Injiniya, an ci ni ɗaya da nema. Ina roƙon wasan ramuwa."

Ta mayar masa: "Asabar. Ban da kyamara."

Ya zo shi kaɗai, ya auna tsayin kowa, ya kawo sanduna. 'Yan ƙungiyar suka ce idan ya isa ya hau sanda ya buga da ƙafa ɗaya. Ya hau, ya sha ƙasa. Tun daga nan Asabar ba ta wuce shi. Yana ce mata Injiniyata, tana ce masa Sarkin Faɗuwa.

Abbanta tsohon hedimasta ne. Da ya ji zancen ɗan ƙwallon na neman aurenta, cire tabarau ya yi.

"Ƙato da gajeren wando yana bin fata mai iska? Ga ɗan Gwaggonki, likita guda."

"Abba, ɗan Gwaggo sau biyu yana sakin mata."

"Wannan abincinsa a ƙafarsa yake. Ran da ta karye fa?"

"Sai in yi masa wata. Aikina ne."

Ana cewa ɗan ƙwallo ba ya riƙe aure. Masu faɗar hakan ba su taɓa zama sun lissafa zawarawan masu digiri ba.

Ana cikin haka ya ɗauke ƙafa Asabar biyu. Ta rubuta masa: "Idan sadakar ta ƙare ka faɗa, in daina ajiye maka sanda."

Amsa ta zo nan take: "Kulob ne suka hana, wai zan ji rauni. Yau na ce musu Asabar tawa ce. Sun ajiye ni a benci. Ki ajiye min sandata, ƙalbina."

Asabar ɗin Abba ya zo filin da kansa don ya raba gardama. Ya tarar da Lamba Tara kwance a ƙasa, mai tsaron gida mai hannu ɗaya yana masa tsiya: "Tashi, ɗan jarida ba ya nan!"

Lamba Tara ya lallaɓo ya durƙusa ya gai da Abba.

"Ƙwallo nawa ka ci a filin nan?"

"Ko ɗaya, Baba. Wata shida ke nan."

"Kuma kana dawowa?"

"Ina dawowa."

Abba ya gyaɗa kai. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa. Masu zuwa na ɗaya da yawa na manta su. Wanda ke faɗuwa ya dawo aji washegari, shi ne bai taɓa ba ni kunya ba. Turo magabatanka."

Gwaggo ta rantse ba za ta halarta ba, ba kuma wanda ya je ba ta haƙuri. Aka ɗaura aure, angon yana benci har lokacin.

Da za a tafi da ita, Abba ya dafa kanta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Ke kuma ki rage baki."

"Amin ga biyun farko, Abba," in ji ta daga cikin mayafi.