Kananzirin Inuwa

Gab da magariba Ladi ta gangara rumfar Inuwa mai kananzir a Rafin Guza, zuciyarta na tafasa. Shekarar wahalar mai ce. Fitilar ƙwai ta fashe a hannun 'yarta Rahmatu, ta toye ta daga wuya har gwiwar hannu. Kowa ya san mugun yana sirka kananzir da fetur, amma an yi gum, don shi kaɗai ke da kaya.

"Inuwa, ka ji tsoron Allah! Ka ƙona min yarinya, kuma kana nan kana aunawa mutane?"

Ko kallonta bai yi ba. "Maman Rahmatu, ga duro, nuna min fetur ɗin. Ruwa ne ke kwanciya ƙarƙashin mai har a gan shi. Waɗannan in sun haɗu, sun haɗu ke nan."

Abin haushin, gaskiya la'anannen ya faɗa. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai fuskarta.

Sai kwaɗin bakin rafi suka yi tsit.

Ƙauri ya taso, irin na ƙonannen gashi. Wata doguwar mace ce a bayansu, mayafinta duk ya babbake. Ba wanda ya ji takunta.

"Mu ma mun saya," in ji matar, cikin raɗa. "'Ya'yana na kwance."

Ta tsoma hannu a duron har kafaɗa. Man ya yi tsuwwa, ya dare biyu. Fetur ja-ja ya tsaya gefe, kananzir fari tas gefe, tsakaninsu fili, ana hango tsatsar gindin duro.

"Ga shi nan."

Inuwa ya zube ƙasa.

Matar ta juyo. Idonta babu baƙi.

"'Yar'uwa, kina da ashana?"

Akwai, a ƙulle a haɓar zani. Wallahi hannun Ladi ya kai can. Ta so ta bayar, ta so ƙwarai.

Warin fetur ya cika mata maƙogwaro. In matar ta ƙyasta, wutar har da ita za ta ci. Wa zai wanke wa Rahmatu ciwo?

Ta ja a'uziyya, ta zura da gudu. Wani abu mai sanyi ya cafki zaninta, ya yage. Ba ta waiwaya ba.

Rumfar ba ta sake buɗewa ba. Daga ranar kuma babu abin da ya ƙara haɗuwa a hannun Inuwa. Sukari ya ƙi narkewa a shayinsa, gishiri ya kwanta a gindin miya, fura ta rabu da nono. Ya rame kamar kara.

Da ya zo neman gafara, Ladi ta dama koko mai kauri ta miƙa masa. Yana karɓa, gasara ta kwanta, ruwa ya taso.

Ta kira Rahmatu, ta yaye mata mayafi, ta tsayar da ita a gabansa.

"Sha," in ji Ladi. "Kana kallonta."