Notin Da Ba Nasa Ba

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, rana tarwai, lokacin da Dogo ya daki ƙofar shagon gwal da ƙafa. Oga na bayansa da bindiga a kowane hannu. Wata mata da ke gwada awarwaro ta zube a ƙasa, awarwaron ya gangara ƙarƙashin kanta. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya ɗaga hannu sama.

"'Ya'yana, ku ɗauki komai, kada ku..."

"Wa ka haifa a nan? Buɗe akwatin!"

A waje, cikin tsohuwar farar bas, Guguwa na zaune a kan sitiyari, injin na kunne, ƙafarsa na rawa a kan totur. Shi ne direbansu. Ba a taɓa kamo shi a kan titi ba.

Can bayan gari kuwa, a harabar wata masana'antar fenti da aka daɗe da rufewa, yayan Guguwa ne yake jira. Makanike ne, sunan da aka san shi da shi Sifana. Yana tsaye gefen wata jar motar tsere mai kujeru biyu, gajera kamar ta durƙusa, wadda suka sato makon jiya don ranar yau. Hannunsa na cikin aljihu yana juya notinan taya guda biyar. Tun asuba yake juya su, har sun ɗauki zafin jikinsa.

Tsarin mai sauƙi ne. Bas ta kawo su nan. Oga da Dogo su shiga jar mota da kayan, Dogo ya tuƙa. Sifana da ƙaninsa Guguwa su hau babur su ɓace.

Haka ya ɗauka har shekaranjiya, da yana kwance ƙarƙashin motar a garejinsa ba su san yana nan ba. Takalman Oga da na Dogo suka tsaya daidai kansa.

"Bayan wannan harkar," in ji Oga, "mu sallami Sifana da ƙaninsa."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Sifana ya san sallamar Oga. Bara ya sallami wani yaronsu, Gajere, da harsashi ya same shi a cinya ya zame musu kaya. Kwana uku bayan nan aka tsinci gawar Gajere a kwalbati.

Bai gaya wa Guguwa ba. Guguwa ba ya iya riƙe magana a fuska, kuma matarsa na da cikin wata takwas. Sai ya yi abin da ya iya.

Oga ya ba da umarni a cire wilin motar masu ruwan zinariya, don ko makaho zai gane su, a sa baƙaƙe. Sabon wili na son sabon noti. Sifana ya ɗauko ma'aunin zaren noti, ɗan ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji, ya ɗora a kan ƙusar tayar. Mai lamba ɗaya da rabi bai zauna ba, haske na leƙowa ta tsakanin haƙoran. Ɗaya da kwata ya zauna ɗas. Kauri sha biyu, zare ɗaya da kwata, shi ne na motar. Yawancin motocin da ke shigowa garejinsa ɗaya da rabi suke sha, kuma idan ka ajiye notinan biyu a tafin hannu, ido ba zai raba su ba.

Tayoyi uku ya ɗaura musu nasu. Ta huɗun, ta gaba ta hannun dama, ya ɗebo mata ɗaya da rabi daga gwangwani. Ya murza na farko da yatsu, ya juya sau biyu ya cije. Shekara ashirin yana faɗa wa duk wanda ya koya wa aiki, har da Guguwa, cewa noti in na ƙusar ne da yatsu biyu yake shiga, in ya cije ka tsaya. Ranar bai tsaya ba. Ya jawo injin ɗaure noti ya danna. Ƙarfe ya ci ƙarfe, garin zare ya zubo a ƙasa kamar yashi. Daga waje tayar ta ɗauru tamau. Daga ciki, abin da ke riƙe da ita bai kai ƙarfin farce ba. A hankali za ta kai mutum kasuwa ta dawo. A gudun Dogo, shan kwana ɗaya mai kyau ya ishe ta.

A shagon gwal, mai gadin da suka buge tun shigowarsu suka ɗauka ya suma, ashe bai suma ba. Ya lalubo bindigarsa.

Tau! Tau!

Dogo ya faɗi a bakin ƙofa da jaka a hannu. Oga ya juya ya harbe mai gadin, amma harsashi na biyu ya riga ya fasa masa kafaɗar dama. Ya fizgi jakar daga hannun Dogo, bai ko duba fuskarsa ba, ya faɗa cikin bas.

"Ja! Ja mu ware!"

Kafin su sha kwana ta biyu, dattijon ya rarrafa ya danna ƙararrawa. Wani Sufeton 'yan sanda da ke sintiri a unguwar ya sami kira, ya bugi kafaɗar kofur ɗin da ke tuƙa shi.

"Farar bas, ta yi hanyar masana'antu. Taka!"

Sifana ya ji ƙarar bas ɗin kafin ya gan ta. Ta shigo da gudu, ta ja birki har ta juya gefe. Guguwa ya diro. Oga ya fito yana dafe da kafaɗa, jini har gwiwar hannu.

"Ina Dogo?"

"Dogo ya tafi," in ji Oga. Ya jefa wa Guguwa makulli da hannun hagu. "Kai za ka ja ni."

Sifana ya yi wuf ya sha gabansu.

"Oga, ni zan tuƙa!"

"Kai? Da kake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai? Matsa!"

"To ku ba ni minti biyar in duba tayar gaba—"

"Minti biyar! Ba ka jin jiniya ne?"

Yana ji. Tana nesa, amma tana matsowa. Guguwa ya riga ya zauna, yana shafa sitiyarin kamar an ba shi kyauta. Ya leƙo ta taga yana dariya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Yaya, kwantar da hankalinka. Wannan ce ta ƙarshe. Ni na roƙi Oga ya sallame mu, ni da kai, kafin ta haihu. Ya yarda. Na so in ba ka mamaki ne."

Sifana ya sunkuyo kan tagar.

"Kai ka roƙa?"

"Wallahi. Wata guda ina bin sa."

"Ƙanena, fito. Notin..."

Oga, wanda ya zauna a ɗaya kujerar, ya ɗago kai a hankali. Bindigar na hannun hagunsa, a kan cinya, bakinta na kallon haƙarƙarin Guguwa.

"Notin me?"

Sifana ya dubi bakin bindigar. Ya dubi yatsan da ke kan kunamarta. In ya faɗa, nan take za a yi ta, a gabansa. In ya yi shiru, akwai titi, akwai sa'a, wataƙila zaren ya riƙe.

"Ba komai," ya ce. Ya kama hannun ƙaninsa ta tagar. "Don Allah kada ka wuce tamanin. Ka ji ni? Kuma ka lallaɓa ta a kwana."

Guguwa ya fashe da dariya.

"Haba Yaya! Wannan ba a ƙera ta don tamanin ba. Je ka gaya wa matata ta dafa da ni."

Injin ya yi gurnani. Tsakuwa ta watsu. Jar motar ta fice ta ƙofar baya daidai lokacin da motar 'yan sanda ta kunno kai ta gaba.

Sifana ya haye babur ya bi su. Ba guduwa yake ba, bin su yake, yana ihu cikin iska, ba mai jin sa. Motar 'yan sandan ta wuce shi kamar bai wanzu ba. A miƙaƙƙen titin ya hango jan ɗigon yana ƙanƙancewa. Ɗari. Ɗari da hamsin. Ya san hannun ƙaninsa. Ya kuma san abin da ke ƙarshen titin, kwanar da ke sauka ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.

Bai ga lokacin ba. Ƙarar ya ji.

Da ya iso, abu na farko da ya tarar ita ce tayar, ita kaɗai, tana gangarowa tsakiyar titi a hankali kamar ba ruwanta. Ta yi layi, ta kwanta a gaban babur ɗinsa.

Motar ta naɗe a jikin ginshiƙin gadar ta ɓangaren direba. 'Yan sanda sun zaro Oga ta ɗaya ƙofar, ƙafa a karye, fuska duk jini, amma da ransa, har yana neman ruwa. Sarƙoƙin gwal sun watse a kwalta suna sheƙi. Guguwa kuwa ba a yi saurin ciro shi ba, don babu sauran abin yi wa sauri. Wani ya cire rigarsa ya rufa masa a fuska.

Sifana ya tsaya a kan Oga.

"Wace sallama ka nufa?"

Oga ya buɗe ido ɗaya.

"Shekaranjiya, a gareji. Ka ce a sallame mu. Wacce ka nufa? Irin ta Gajere, ko wadda ya roƙa?"

Oga ya dube shi, ya dubi tayar da ke kwance can nesa, ya gane. Sai ya yi dariya, jini na fitowa tsakanin haƙoransa.

"Za ka daɗe kana tambaya," ya ce, ya rufe idon.

Kofur direba, wanda da ma ya taɓa aikin gareji, ya tsinci noti guda a bakin titi. Ya hura cikinsa, ya ɗaga shi ga rana, ya miƙa wa Sufeto.

"Ranka ya daɗe, duba. Zaren ya goge tas, da ƙarfi aka tura shi. Ɗaya da rabi aka sa wa mai shan ɗaya da kwata. Wane jakin makanike ne wannan, da bai san girman zaren motarsa ba?"

"Ya sani," in ji Sifana.

Suka juyo. Ya zaro hannu daga aljihu. Bindigogin 'yan sandan suka ɗago a tare.

"Kada ka motsa!"

Ya buɗe tafin hannunsa. Notina biyar, sababbi, zarensu ko ƙwarzane babu.

"Ga nata nan," ya ce. "Da yatsu biyu suke shiga."

Aka buga masa ankwa. Notinan suka zube a kwalta. Ana tura shi cikin mota wayarsa ta fara ruri a aljihun gaba, Sufeto ya zaro ta ya duba allon.

"An rubuta Matar Ƙanena. In ɗauka?"

Sifana ya waiga ya dubi rigar da ke kan fuskar ƙaninsa. Wayar ta yi ta ruri har ta katse, ta sake farawa.