'Yan Haya a Cikin Sarewa

Akwai wata yarinya mai son busa sarewa. A gida Auta ake ce mata. Malamar kiɗa ta zaɓe ta cikin waɗanda za su yi busa ranar taron iyayen yara.

Sai dai Auta tana da hali ɗaya. Duk inda ta gama da abu, nan take barinsa.

"Auta, mayar da sarewar nan cikin jakarta," in ji Mama.

"To, Mama, yanzun nan."

Ba ta mayar ba. Ta bar ta a bakin tagar baya, wajen bishiyoyin lambu, har hutun makaranta ya ƙare.

Da taro ya matso, ta ɗauko ta ta busa. Shiru. Ta sake busawa har kumatunta suka kumbura. Ko ƙiris.

Yayanta ya tuntsire da dariya. "Yau kam busarki ta yi daɗi! Kunnuwanmu sun huta."

Auta ta leƙa ƙarshen sarewar. An toshe shi da laka, an shafe sumul. Ta ruga ta ɗauko tsinke.

"Dakata!" in ji Baba. "Zo ki zauna ki ga mai aikin."

Jim kaɗan sai ga ƙwaro ya sauka a kan katakon tagar. Bai kai ƙudan zuma girma ba. Jikinsa shuɗi ne mai duhu, yana ƙyalli kamar ƙarfe. Ƙasan cikinsa duk gashi ne. Ɗauke yake da laka a baki. Ya shige wani ɗan rami a katakon.

"Zanzaro ne, Baba?"

"A'a. Dangin ƙudan zuma ce, maginiya ake ce mata. Ba ta da amya, ba ta yin zuma. Ramin katako ko na kara take nema, kusa da furanni da laka. Ta tara garin fure, ta yi ƙwai, ta gina bango ta rufe. Irinta sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi, inda ake da lambunan 'ya'yan itace."

"Wato 'ya'yanta ne a cikin sarewata?"

"Ɗaki-ɗaki kuwa. Sai baɗi, in furanni sun buɗe, za su fito."

"Ka ji 'yan haya!" in ji Yaya.

Auta ba ta yi dariya ba. In ta soka tsinke, 'ya'yan za su mutu. In ta ƙyale su, da me za ta yi busa? Ta daɗe tana kallon tsinken, sannan ta yar.

Washegari ta tsaya a gaban Malama, ta faɗi komai.

"Laifin wa ne?" in ji Malama.

"Nawa ne, Malama."

"Madalla da kika sani. Ga sarewar makaranta, aro na ba ki. Kullum aka tashi, a hannuna za ki damƙa ta."

Ranar taro Auta ta yi busa mai daɗi. Iyaye suka yi ta tafi, har da Yaya.

Yara, ku mayar da kowane abu mazauninsa da zarar kun gama da shi. In kuma sakacinku ya jawo muku asara, ku amsa laifinku. Kada ku huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.