Murfin Rijiyar Gidanmu

Ku matso, 'ya'yana. Mudi, ajiye makullin motar nan, yau ba ka komawa Kagara. Sakinatu, sauke goyon ki zauna. Kai ma Ayuba zauna, hannunka ne ya karye, ba kunnenka ba. Ku biyun da ba ku gari guntu-guntun labari kuka ji, zan ba ku shi ɗungurungum, a gaban mai shi.

Kun san ɗan'uwanku Ayuba kansila ne. Bana ƙaramar hukuma ta yanke abu biyu. Na farko, a raba unguwanni shiyya-shiyya, kowace da famfonta, a rufe rijiyoyin gidaje saboda amai da gudawan da ya kwashe yara bara. Na biyu, a fasa dutsen nan na kwanar hanyar Kagara, inda matafiya ke tsayawa su kalli kwari su ɗauki hoto, inda kuma motoci ke yawan kifewa. Ban ga laifin ko ɗaya ba.

Ayuba ya ce a duk unguwar nan ta Sauka Kahuta rijiyarmu za a fara rufewa, kada a ce kansila ya hana mutane ya bar tasa. Rijiyar da babanku ya haƙa bayan ya bar aikin jirgin ƙasa. Ayuba ya sa aka ɗauko masa falalen dutse daga inda aka fasa da nakiya, masu aikin hanya suka ƙara masa da garwar kwalta. To, ko yaro ya san ba a rufe rijiya ruf; ana yi wa na ciki sallama, a bar musu kafar iska. Ko yaro ya san ba a zuba abu mai zafi a ƙasa da almuru. Shi kuwa sauri yake yi, washegari manya za su zo dubawa. Na dawo daga barkar haihuwa na tarar an kifa dutse, an narka kwalta an liƙe shi, hayaƙi na tashi, ladan na kiran magariba.

Washegari da yamma gidan yana nan kamar kullum. Matarsa Maijidda na kwashe tuwo, 'yarsu Lailatu ta shigo da bokiti daga sabon famfo. Sai kaji suka ƙi shiga akurki. Suka taru a jikin bango, ba mai ko motsi. Iska ta tsaya. Rediyon maƙwabta da muke ji kullum ya yi nisa, kamar daga ƙasan ruwa yake magana.

Sai aka fara jifa. Dutsen farko a kan kwanon rufi ya sauka. Na biyu ya fasa tukunyar miya. Na uku ya sami Maijidda a goshi, jini ya rufe mata ido, ta faɗi a kan murhu. Ayuba ya fita da gudu yana zagin 'yan adawa, ya zagaya gida bai ga kowa ba. Na ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun na yar da shi ba shiri. Zafi gare shi, ga baƙar kwalta a jiki.

Haka muka ci gaba. Da rana lafiya lau. Inuwa na rufe tsakar gida sai jifa. Idan jifa ya lafa, sai a ji ana buga murfin rijiyar daga ciki, a hankali, kamar mai roƙon a buɗe masa ƙofa. A ƙarƙashin bugun akwai kukan jariri. Na ce, "Ayuba, ɓalle dutsen nan." Ya ce, "Inna, in na buɗe tawa gobe unguwa duka ta buɗe." Na ce, "To unguwa ce ke kwana a gidan nan?" Ya sa hula ya fita.

Ranar Alhamis Lailatu ta je ta zauna a kan murfin. Na kira ta sau da yawa, ba ta waiwayo ba. Uban ya kama hannunta zai tashe ta. Yarinyar da ba ta iya sauke tulu sai an taya ta, ita ta ɗaga ubanta sama ta maka shi da bangon ɗaki. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ta kwanta a kan dutsen ta shiga kankare kwalta da farce, farcen na ɓallewa, jini na bin dutse, ba ta daina ba. Sai da maza huɗu na maƙwabta suka danne ta, ta ciji ɗaya har nama ya fita.

Ni da ƙafata na je na ɗauko Malam Ndakotsu, tsohon nan mai aikin iskokai. Bai tambayi komai ba. Ya dubi rijiya, ya dubi Ayuba, ya sa aka kawo garwashi ya zuba turare. Ya riƙe babban yatsan yarinyar ya fara karatu. Bayanta ya lanƙwashe har ƙeyarta ta kusa taɓa dugaduganta. Malam ya tsula mata tsumagiya a tafin ƙafa. Sai murya ta fito daga bakinta, muryar tsoho, mai kauri.

"Daina duka. Jikinta kake ji wa ciwo."

"Wane ne kai?"

"Mai dutsen kwana."

"Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Su suka kawo ni. Sun fasa mini gida da wuta, na haƙura, na biyo abin da ya rage a bayan mota. Matata ta sauka rijiya da yara su sha sanyi. Wancan mai hular ya zuba mana wuta ta biyu. Bayan ƙaramin ɗana ya saluɓe. Suna ciki."

Malam ya ce, "Bai sani ba."

"Bai tambaya ba."

"Me kake so?"

"Fatar bayan yarinyar nan, a madadin ta ɗana."

Maijidda ta kurma ihu. A gabanmu rigar Lailatu ta fara hayaƙi daga baya, warin kwalta ya cika gidan. Malam ya watsa mata ruwan addu'a, ya ɗaga murya da karatu har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya ce, "Ka taɓa fatarta, na rantse da Wanda ya halicce mu da ku, a nan zan ƙone ka, iyalinka su ruɓe a rami. Faɗi abin da za a iya."

Sai muryar ta sake fitowa.

"Hannun da ya liƙe shi ya ɓalle. Bayan haka ku zaɓa. Ko ku bar rijiyar a buɗe mu zauna a ciki, ba ruwanmu da ku in ba ku taɓa mu ba. Ko ku mayar da dutsena kwanar hanya, in koma can."

Malam ya ce, "In ka koma, motocin fa?"

Ya yi dariya da bakin jikata. "Suna tsayawa kallon kwari, su yi mini fitsari a ƙofar gida. Wa kake zaton yana kifar da su?"

Ya ba mu zuwa tsayuwar wata. Ya ce in wa'adin ya wuce ba a yi ɗaya ba, zai dawo, kuma ba zai saurari kowane malami ba. Lailatu ta yi atishawa, jikinta ya saki. Tana ɗaki yanzu, yatsunta a naɗe, ga tabon ƙuna kamar tafin hannu a tsakiyar bayanta. Ku shiga ku gani in mun gama.

Ayuba ya ɓalle kwaltar da hannu ɗaya, bugun ya daina. Saura zaɓi. Shi yana so a mayar da dutsen kwanar hanya a ɓoye, a sake rufe rijiya yadda ya kamata, kujerarsa ta tsira, gida ya huta da baƙi. Ba ƙarya yake ba da ya ce rijiya a buɗe ta kashe yara bara. Ni kuwa na ce ba za a kifar da motar 'ya'yan wasu don mu yi barci ba. Kai Mudi, wace hanya kake bi kowane mako? Na zauna da maƙwabtan da suka fi aljani mugun hali; wannan aƙalla ya faɗi sharaɗinsa.

Amma gidan babanku ne, kuma ku ne za ku kwana a cikinsa bayan raina. Wata ya kusa. Ku uku ku yanke yau, kafin kowa ya tashi daga tabarmar nan.