Mai Ɗaki a Kwamfutar Marigayi

Ana dab da magariba Yaya ya ciro tsohuwar kwamfutar marigayi babansu daga sito. Ƙanwarsa Auta ke bukatarta, zanen gine-gine take koyo, ita kuwa na'urar, ko hoto ɗaya aka buɗe sai ta hau nishi. Ya sayo mata sabon ram, wato ƙwaƙwalwar na'ura, da katin sarrafa hoto mai fanka biyu.

"Ka bari gari ya waye mana," in ji Umma.

"Umma, ƙarfe ne fa."

Ya kwance murfin, ya hure ƙurar shekaru da bulowa, injin hura iska, ko bisimilla babu. Ya zare tsohon ram ya wurga kwandon shara, ya danna sabo, ya kafa katin. Da ya kunna, fankokin suka juya. Sai aka ji wata siririyar ƙara, kamar an taka jariri.

Gidan ya yi tsit. Can tsakuwa ta faɗo kan rufi. Wata ta biyo. Notikan murfin da Yaya ya tara a faranti suka riƙa tashi suna dukan ƙofa. Auta na zaune gaban allon, kiran duniya ta ƙi amsawa. Haka ta wuni washegari, ba ci ba sha, ido a kafe, maƙogwaronta na ƙugi kamar fanka.

Umma ta kirawo malam. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya buɗe, muryar wata mata ta fito, a dishe.

"Wa ya rushe mini ɗaki?"

"Ke wace ce?" in ji malam.

"Tun rasuwar mai gidan nan nake cikin akwatin can, ban taɓa kowa ba. Wannan mai rawar kan ya hure mu, fankarsa ta datse wa ɗana yatsa. Yanzu yarinyar nan ce ɗakina."

"Jikin mutum ba gidan haya ba ne. Fita za ki yi."

"To a cire sabbin kayan, a mayar da komai sito."

Umma ta matso. "Baiwar Allah, ni ma uwa ce. An cuce ki, ban musa ba. Amma karatun 'yata na cikin injin nan. Kwamfuta kike so, ko duhu?"

Muryar ta sassauta.

"Duhu. Da shimfiɗar ɗana, wadda ya wurga a shara."

Yaya ya tone shara, ya samo tsohon ram. Ya kwashe kayan cikin na'urar kaf ya zuba a wani sabon akwati, ya kwantar da ram ɗin a tsohon, ya ɗaure murfi, yana bisimilla a kan kowane noti. Malam ya sa matar ta rantse ba za ta dawo jikin Auta ba.

Auta ta yi atishawa, ta dubi uwarta. "Umma, ƙishirwa."

Tsohon akwatin na nan a sito, ba waya ba wuta. Umma kaɗai ke shiga, da sallama. In ta dafa murfin, da ɗumi.